Fasfo, bashi da katin banki: yadda nake binciken 'yan kwangilar kwashe shara a Jidda

Motocin kamfanin da nake wa aiki suna barin gareji tun kafin kiran assalatu. Kowace mota da direba ɗaya da leburori biyu a maƙale a baya. Direbobin namu ne, sunansu na cikin takardar albashinmu. Leburorin kuwa fiye da rabi wata mu'assasa ce, wato ƙaramin kamfanin kwangila, ke kawo mana su a bas, mu biya ta a ƙarshen wata bisa yawan mutanen da ta kawo. Shekara uku ina sa hannu a takardar biyan nan, ban taɓa tambayar nawa ke shiga aljihun mutanen ba. Takardu sun cika, otal-otal da gidajen abincin da muke kwashe wa shara ba su kawo ƙara ba, sai na ɗauka komai lafiya.

Wata asuba wani yaro ɗan Bangladash ya yanke a tafin hannu da fasasshiyar kwalba a bayan wani gidan abinci. Na ce ya shiga mota in kai shi asibiti, ya miƙo igamarsa, wato katin izinin zama a ƙasa. Ya ce tana wajen mudir, wato manajan mu'assasar. Fasfo fa? Yana wajen mudir. Katin inshorar lafiya bai taɓa ganinsa da idonsa ba. Ya ɗaure hannun da baƙar leda, jini na ɗiga ta gefe, yana roƙona da ɗan Larabcin da ya iya kada in gaya wa kowa, domin duk wanda ya kwana ɗaya bai fita aiki ba kuɗin kwana uku ake yanke masa. Wata bakwai yaron nan ya yi yana bin motarmu, sanye da riga mai tambarinmu a ƙirji.

Daga ranar na sake tsarin aikina. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda nake yi yanzu, domin 'yan'uwana Hausawa da Allah ya ɗora a kan mutane a kamfanonin tsafta na Jidda da Makka da Madina da Riyad: mushrifai (masu sa ido kan ma'aikata), masu lissafi, da waɗanda suka buɗe 'yar ƙaramar mu'assasa tasu.

Ka fara da ɗaukar takarda da biro ka rubuta duk wanda hannunsa ke taɓa shararka, daga kwandon da ke bayan otal har inda ta ƙare. Ni da na zauna na rubuta, sai na ga mutanen da nake kira "namu" su ne ƙalilan. Akwai mu'assasar da ke kawo leburori, akwai mai hayar motoci da direbobinsa a lokacin azumi da aikin hajji idan aiki ya yi yawa, akwai masu wankin kwanduna, akwai mai gidan da leburorin ke kwana, akwai kuma filayen sikirab, wato na 'yan gwangwan, da ke sayen kwali da gwangwani da ƙarfe a hannunmu. A gaban kowane suna ka rubuta: mutum nawa, 'yan ina ne, wa ke kafilinsu, wato wanda igamarsu ke ƙarƙashin sunansa. Duk inda ka kasa cike gurbin nan na ƙarshe, can za ka fara zuwa.

Kada ka jira ganin mutum a ɗaure da sarƙa. Wanda ake tilasta wa aiki yana shiga bas da ƙafarsa, yana gaishe ka da fara'a. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a duniya, kuma alamomin da take lissafawa abubuwa ne da muke wucewa ta gabansu kullum: riƙe takardun mutum, riƙe albashinsa, bashin da ba ya ƙarewa, yaudara wajen ɗauka, barazana, aikin da ya wuce ƙima. A wannan sana'a tamu tambaya uku ce take buɗe mini kusan komai. Ina fasfonka yake a yanzu? Nawa ka biya kafin ka zo, kuma nawa ake binka? Katin bankinka yana hannun wa?

Maganar fasfo ba ta da tsawo. Dokar Saudiyya ta hana mai ɗaukar aiki riƙe fasfon ma'aikaci ko igamarsa. Za a ce maka ai ajiye musu ake yi don kada su ɓace, har a fito maka da takardar da suka dangwala wa yatsa cewa sun yarda. Ni ba na gardama. Sai in zaɓi mutum biyu in ce yanzu-yanzu a ba su fasfonsu su riƙe, ina tsaye. Idan aka ce mai makulli ya yi tafiya, ko akwatin yana babban ofis a wani gari, na sami amsata.

Bashi ne ya fi zurfi, a nan nake son mu daɗe. Sashe na 40 na dokar ƙwadago ya ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin kawo ma'aikaci, kuɗin igama da lasisin aiki da sabunta su, da tikitin komawa gida idan aiki ya ƙare. Ke nan bisa doka bai kamata lebura ya sauka a filin jirgi da bashin kowa a kansa ba. Amma yaron da na ba ku labari mahaifinsa gona ya jinginar aka biya dillali a ƙauye, dillalin ya raba da ejan na birni, shi kuma ejan ya sayi bizar daga nan. An ce masa aikin jera kaya zai yi a babban kanti mai sanyi. Da ya iso ya ga motar shara, ina zai koma? Gonar tana hannun wani, albashin da ya tarar bai kai wanda aka faɗa masa ba, ga yanke-yanke. Irin wannan mutum ko ka buɗe masa ƙofa ba zai fita ba. Mu ma namu haka ake yi musu daga Kano da Maraɗi da Damagaram: ejan ya ce ka tafi kawai, in ka fara aiki ka biya, sai mutum ya shekara biyu yana yi wa wani aiki.

Saboda haka idan ka tambayi lebura, kada ka ce masa "ka biya kuɗin biza?" Zai ce a'a, don an gaya masa abin da zai faɗa. Ka tambaye shi yadda ya zo, wa ya fara yi masa maganar aikin, me aka sayar a gida, nawa yake turawa duk wata kuma ga wa. Ka bar shi ya ba ka labari. Idan mutum biyar daga gari ɗaya suka ambaci dillali ɗaya da kuɗi kusan ɗaya, to hanyar da ɗan kwangilarka ke samo mutane ke nan.

Sai katin banki. Tun 2013 gwamnati ta fara tsarin kare albashi, wanda ya wajabta biya ta banki, yanzu kuma ana bin sa ta manhajar Mudad. Tsari ne mai amfani, amma masu wayo sun samo masa hanya. Ana tura albashi cikakke cikin asusun kowa don a ga an biya, sannan wakilin kamfani ya ɗebi katunan gaba ɗaya da lambobin sirri ya je ya cire, ya dawo ya ba kowa abin da ya ga dama a hannu. A allon kwamfuta ba za ka ga aibu ba. Abin da nake yi shi ne in roƙi lebura ya nuna mini saƙon banki na watan jiya a wayarsa. Idan ya ce saƙo ba ya zuwar masa, lambar wani ce aka haɗa da asusun. Idan kuma ya yarda muka duba bayanin asusun, na ga an cire kuɗin duka lokaci guda, a na'ura ɗaya, cikin 'yan mintocin da aka cire na abokansa, ba sai kowa ya yi mini bayani ba. Haka nan ka duba Absher ɗinsa, manhajar gwamnati ta harkokin igama da biza, da Qiwa, ta kwangilar aiki: da lambar wayarsa aka buɗe, ko da ta mudir? Wanda ba ya iya shiga Qiwa da kansa bai ga kwangilarsa ba, wani ne ya danna "na amince" a madadinsa.

Inda za ka yi tambayoyin nan ya fi tambayoyin kansu muhimmanci. A ofis, gaban mushrifin mu'assasa, kowa zai ce alhamdu lillahi. Ni ina bin mota ne. In hau gaba tun daga gareji, idan an tsaya shan shayi bayan sallar asuba in sayi shayi da burodin tamis mu zauna a bakin titi. Kada ka yarda tafinta ya zama shugabansu ko ɗan garin shugabansu. Ka nemo wani daga waje. Kada ka rubuta suna a gaban mutum. Kuma kada ka tambayi mutum ɗaya kaɗai, domin idan magana ta fita za a san shi ne. Ka tambayi goma ko da uku kake buƙata.

Takardu ma suna da ranarsu, amma zan taƙaita. Duk leburan da ke aiki a wurinka alhali kafilinsa daban, dole a sami izini ta Ajeer, tsarin gwamnati na aron ma'aikata tsakanin kamfanoni. Abin da ake kira biza hurra, wato mutum ya riƙa biyan kafili wani abu duk wata yana yawon neman aiki, saɓa doka ne, kuma shi ma'aikacin ne ya fi shan wahalarsa: kullum yana cikin tsoron a rubuta shi a matsayin wanda ya gudu daga aiki, abin da muke kira hurub. Ka nemi jerin sunaye da lambobin igama, ka haɗa da fuskokin da ke sauka daga bas. Na taɓa samun suna ɗaya da mutum uku suka yi aiki da shi a wata guda.

Awoyin aiki kuwa motarka ce za ta gaya maka gaskiya. Doka ta ce awa 8 a rana ko 48 a mako, a watan azumi awa 6 ga Musulmi, kuma awar ƙari ana biyan ta da ƙarin rabin albashin awa. Kusan kowace motar shara yanzu tana da na'urar da ke nuna inda take. Ka buɗe ka ga ƙarfe nawa ta fita, ƙarfe nawa ta dawo, ka haɗa da takardar awoyi. Sannan ka tambayi inda bas ke kai su bayan sun sauka daga wurinka. A nan na gano wasu daga garejinmu ake wucewa da su kai tsaye wani wurin su yi shara har dare. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a ƙarƙashin rana daga 12 na rana zuwa 3 na yamma. Wanda ya san zafin Jidda da ɗanshinta a watan Agusta, ya kuma san tururin da ke fitowa daga bayan motar shara, ba ya buƙatar a gaya masa dalili. Ka shirya zagayen motocinka yadda ba za a buƙaci karya wannan ba, domin idan ka ba direba zagayen da ba zai ƙare kafin azahar ba, kai ka karya dokar.

Gidan kwanansu ka je da dare ba tare da sanarwa ba. Ka ƙirga gadaje, ka ƙirga takalman da ke bakin ƙofa. Ka kunna famfo, ka sa hannu a gaban na'urar sanyaya ɗaki. Sannan ka dubi ƙofar waje da kyau, ka ga ta wane gefe kwaɗon yake.

Yanzu ga wurin da ya fi taɓa mu Hausawa. Duk wanda ya zauna a Jidda ya san iyayenmu mata, wasu sun haura sittin, da ke tura tsohon keken jarirai cike da gwangwani da kwali da busasshen burodi da ake sayar wa masu dabbobi. Da aka rushe Sabil da Gulail da Karantina da Betromin daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, da yawa sun watse zuwa gefen gari, haya ta yi musu tsada, jama'ar da suke jingina da ita ta tarwatse. Kayan da suke tsinta filin sikirab yake zuwa, filin da mu ma muke kai wa kwalinmu. Ko mun so ko ba mu so ba, muna cikin ciniki ɗaya da su.

Wata rana na je wani fili a kudancin gari na tarar da wata dattijuwa zaune a kan kwali tana jiran a auna kayanta. Na gaishe ta da Hausa, ta ɗago da sauri. Muka taɓa hira, sai ta ce mai filin ne ya biya mata kuɗin ɗaki da aka tashe su, shi ya sa ba ta kai kaya ko'ina sai wurinsa. Na ce, "Inna, nawa yake binki yanzu?" Ta ce, "Wallahi ɗan nan ban sani ba, shi ke rubutawa." Shekara biyu ke nan. Ta ce da ta taɓa kai gwangwani wani filin da ya fi sayen kaya da daraja, mai filin ya aiko mata cewa zai kira jawazat, wato jami'an shige da fice. Ba ta da igama, don haka kalmar nan kaɗai ta ishe ta.

Ba ina cewa ka ɗauki marar takarda aiki ba. Doka ta hana, kuma tsince-tsince a kwandon shara ma baladiyya, wato hukumar birni, ta hana. Amma kai ne ke zaɓar wanda za ka sayar wa kaya. Kafin in yarda da kowane fili yanzu, ina zuwa da buhun shinkafa mai kilo 10 da ba a buɗe ba in ɗora a sikelinsu. Ina zuwa da safe lokacin makaranta in ga ko akwai yara suna ware kwalabe. Ina duba hannayen masu warewa, akwai safar hannu ko babu. Ina tambaya ko ana ba masu kawo kaya bashi, in ce a nuna mini littafin, in kuma tambaya ko wanda ake bi yana da nasa kwafin. Mai filin da ke bin dattijuwar nan bashi mun daina kai masa kaya, bayan mun zaunar da shi da wasu manyan unguwa aka lissafa abin da ta kawo a shekara biyu, aka ga ta daɗe da gama biya. Direbobinka ma ka sa musu ido. Akwai masu karɓar na goro a hannun matan nan duk mako kafin su bar su su taɓa kwando. A wurinmu wanda aka kama da wannan gargaɗi ɗaya yake samu a rubuce.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da na zauna da mai mu'assasar da ke kawo mana leburori, ya ce mini, "Ya ustaz, dubi abin da kuke biyana a kan kowane mutum." Na ɗauki biro. Yawancin kamfanoni suna biyan gwamnati riyal 700 ko 800 duk wata a kan kowane baƙon ma'aikaci, ban da riyal 650 na igama a shekara, ban da inshorar lafiya, da kashi 2 cikin ɗari na inshorar haɗarin aiki, da gida, da bas, da kuɗin sallama idan aiki ya ƙare. Da na cire waɗannan daga farashinmu, abin da ya rage ba zai biya albashin da ke rubuce a kwangila ba, balle riba. Mu ne muka zaɓe shi saboda ya fi kowa araha, muna kuma jinkirta biyansa wata biyu, wani lokaci uku. Wannan bai wanke shi ba, amma arahar daga jikin leburori take fitowa, kuma mu muka ci moriyarta. Don haka duk farashin da aka kawo maka, ka yi wannan lissafin kafin ka yi murna. Ka kuma biya a kan lokaci. Hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe ya hau kan wanda ya riƙe kuɗin a sama kamar yadda ya hau kan wanda ya hana a ƙasa.

A cikin yarjejeniyarka da ɗan kwangila ka rubuta a sarari cewa ba a karɓar ko riyal ɗaya daga ma'aikaci don ɗaukarsa, takardunsa da katinsa suna hannunsa, ba a miƙa aikin ga wani ɗan kwangila sai da saninka, kana da ikon shiga gidan kwana da ganawa da ma'aikata ba tare da sanarwa ba, kuma kana da ikon riƙe wani kaso na kuɗinsa har sai ka ga shaidar albashi.

Idan ka gano ɓarna, zuciya za ta ce ka soke kwangila a ranar. Kada ka yi. Na kusa yin haka, wani dattijo da ya daɗe a harkar ya riƙe ni, ya ce idan ka kore shi yau, gobe zai watsa yaran wani wuri ko ya rubuta su hurub, haƙƙinsu ya tafi. Ka fara da abin da za a iya dawowa da shi: fasfo da katuna cikin kwana biyu, bashin albashi daga kuɗin da kake riƙe da shi, kuɗin dillali a mayar kashi-kashi da ranaku a rubuce. Kada ka ambaci wanda ya gaya maka. Tun daga Maris na 2021 ma'aikacin kamfani yana iya komawa wani kafili ta Qiwa bayan shekara ɗaya ba tare da yardar na farko ba, yana kuma iya komawa kafin haka idan an yi wata uku a jere ba a biya shi ba. Yawancin leburori ba su san wannan ba. Ka gaya musu da harshensu. Ka manna lambar ma'aikatar ƙwadago, 19911, a cikin kowace mota da bangon gareji. Idan sulhu bai yiwu ba, akwai ofishin sasantawa na ma'aikatar, daga nan kotun ƙwadago.

Amma idan ka tarar ana kulle mutane, ana dukansu, ko ana sayar da su daga hannu zuwa hannu, wannan ya wuce zaman sulhu. Dokar yaƙi da fataucin mutane ta 2009 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 15 ko tarar da za ta kai riyal miliyan ɗaya, ko duka biyun. Ka kai magana ga 'yan sanda ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, bayan ka gaya wa waɗanda abin ya shafa abin da za ka yi, ka kuma tabbatar suna da inda za su kwana a daren.

Yaron nan an yi masa ɗinki shida. Fasfonsa ya dawo hannunsa a mako na biyu, daga baya muka mayar da shi ƙarƙashin kamfaninmu tare da wasu abokansa. Mun sa akwatunan ƙarfe a gidan kwanansu, kowa da makullinsa, shi nasa a igiya yake rataye da shi a wuya ƙarƙashin riga. Kuɗin dillalin an mayar masa da kashi biyu cikin huɗu, sauran ina bin su duk ranar biyar ga wata. Gonar mahaifinsa har yanzu ba a fanso ta ba.